Rayuwar Yesu da Ladubban Kai Bishara ga Mutanen Wata Al'ada

Ƙidayar jama'a ta shekarar 2021 ta nuna cewa kashi 71.3 cikin 100 na mutanen Gana Kirista ne, kashi 19.9 kuma Musulmi ne, sai dai mazaunin Kumasi ya san cewa alƙaluma ba sa bayyana irin cuɗanyar da ke tsakanin jama'ar birnin. Daga Adum zuwa Aboabo tafiyar 'yan mintoci ce a mota idan hanya ba ta cushe ba, amma a wannan ɗan tsakani mutum zai ratsa Tonawa, wato mutanen Asante, da Hausawa da Dagombawa da Mosawa da Farafara da Zabarmawa, kowace al'umma da harshenta da yadda take gaisuwa da ɗaurin aure da binne mamaci. Saboda haka Kiristan da ya ɗauki umarnin Ubangijinsa da muhimmanci, cewa a kai bishara ga dukan al'ummai, ba ya bukatar haye teku kafin ya tarar da mutanen wata al'ada, domin a wurinsu yake sayen koko da ƙosai kowace safiya, 'ya'yansu kuma suna aji ɗaya da nasa. Abin da ya rage masa shi ne sanin yadda ake shiga wurinsu, kuma a nan ne ake yawan yin tuntuɓe. Amsar da koyarwar Kirista take bayarwa tana cikin yadda Yesu Almasihu da kansa ya yi zamansa a duniya.

Galibi idan ana wa'azi a kan aikin mishan, ƙarshen Bisharar Matiyu ake buɗewa, sura 28, inda Yesu ya umarci almajiransa su je su almajirtar da dukan al'ummai, suna yi musu baftisma, suna koya musu su kiyaye duk abin da ya umarta. Wannan nassi ya faɗi aikin da za a yi da iyakar inda zai kai. Yadda za a yi shi kuwa yana cikin Bisharar Yahaya, sura 20 aya 21, inda ya gaya wa almajiran, da yammacin ranar da ya tashi daga matattu, cewa kamar yadda Uba ya aiko shi, haka shi ma yake aikensu. Duk mai son ya san ko wani aikin bishara yana kan hanya, sai ya auna shi da yadda aka aiko Yesu.

Ginshiƙin bangaskiyar Kirista shi ne cewa madawwamin Kalman Allah ya zama mutum ya zauna a cikinmu, kamar yadda farkon Bisharar Yahaya ya faɗa, kuma babban taron shugabannin ikkilisiya da aka yi a Kalsidon a shekara ta 451 ya tabbatar da cewa Almasihu cikakken Allah ne, cikakken mutum ne kuma. 'Yan'uwanmu Musulmi, waɗanda suke girmama shi a matsayin Annabi Isa ɗan Maryamu, ba su yarda da wannan ba, kuma ba gaskiya ba ne a ɓoye saɓanin ko a mai da shi ƙarami. Amma ko wanda bai karɓi koyarwar ba zai iya gane nauyin da take ɗora wa mai bi. Duk wanda aka haifa, ɗan wani gida ne a wani gari, mai wani harshe. An haifi Yesu Bayahude a zamanin Kaisar Augustas da sarki Hirudus, aka yi masa kaciya a rana ta takwas, ya girma a Nazarat, ƙauyen da Nata'ala ya yi mamakin ko wani abin kirki zai iya fitowa daga cikinsa. Ya tashi da harshen Aramiya a bakinsa, ya koyi sassaƙa, yana zuwa majami'a ranar Asabar kamar yadda ya saba, ya halarci bikin aure a Kana, ya yi kuka a kabarin abokinsa Li'azaru. Luka ya ce yana da kimanin shekara 30 sa'ad da ya fara koyarwa a fili, wannan koyarwa kuwa ba ta wuce kimanin shekara uku ba.

A ganina waɗannan shekaru 30 na zama shiru su ne ɓangaren rayuwar Yesu da masu bishara suka fi tsallakewa, alhali kuwa a cikinsu darasin yake. Da ya buɗe baki, misalan da ya kawo na mutumin da ya san garin ne ciki da bai: manomin da irinsa ya faɗa a kan hanya da kan dutse, macen da ta cuɗa yisti a gari, 'yan ƙodagon da suke tsaye a kasuwa har la'asar ba wanda ya ɗauke su aiki, gwauruwar da ta dami alƙali har ya bi mata hakkinta. Mutum ba ya iya irin wannan magana sai ya daɗe yana sauraro. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ga Filibiyawa sura 2, ya ce Almasihu bai riƙe daidaitarsa da Allah kam-kam ba, ya ƙasƙantar da kansa ya ɗauki surar bawa, sannan ya ce wa masu bi su ɗauki wannan hali. Ga mai bishara fassarar wannan a aikace ita ce ya ajiye fifikon da yake ganin yana da shi na ilimi ko kuɗi ko ƙabila, ya yarda a koya masa gaisuwa kamar yaro, a yi masa dariya idan ya karya harshe. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, kuma mai bisharar da bai yarda da makantarsa ba yakan taka abin da mutanen gari suke girmamawa ba tare da ya sani ba.

Akwai wani abu a cikin Bisharu da bai kamata a lulluɓe shi ba. Sa'ad da Yesu ya fara aiken almajiransa goma sha biyu, a Matiyu sura 10, ya hana su shiga wurin al'ummai da garuruwan Samariyawa, ya ce su nufi ɓatattun tumakin gidan Isra'ila, kuma ya maimaita irin wannan magana game da kansa a sura 15. Masana tauhidi suna fahimtar wannan a matsayin tsari na lokaci: alkawarin da aka yi wa Ibrahim, cewa ta wurinsa dukan kabilan duniya za su sami albarka, sai ya cika a cikin Isra'ila tukuna kafin ya malala waje. Duk da haka alamun malalar suna nan tun daga shafin farko. Matiyu ya sa Rahab mutuniyar Yariko da Rut mutuniyar Mowab a cikin jerin kakannin Yesu, ya kawo masana daga gabas su yi masa sujada, ya kuma nuna iyayensa suna gudun hijira da shi zuwa Masar, wato ƙasar Afirka ce ta ba shi mafaka yana jariri. A wa'azinsa na Nazarat, a Luka sura 4, mutanen garinsu sun ji daɗinsa har zuwa lokacin da ya tuna musu cewa an aiki Iliya wurin wata gwauruwa a ƙasar Sidon, kuma Na'aman mutumin Suriya ne Elisha ya warkar daga kuturta. Nan take suka tashi za su jefa shi daga kan dutse.

Labarin da ya fi kowanne nuna hanyar shi ne na Basamariyar nan a bakin rijiyar Yakubu, a Yahaya sura 4. Tsakanin Yahudawa da Samariyawa akwai gaba ta ɗaruruwan shekaru, kowane ɓangare da dutsensa na sujada, kuma marubucin da kansa ya ce ba sa cuɗanya. Yesu ya iso da tsakar rana a gajiye, ba shi da guga, abu na farko da ya fito daga bakinsa kuma roƙo ne, ya ce ta ba shi ruwa ya sha. Wanda ya zo da kyautar ruwan rai shi ne ya fara miƙa hannu yana bukata, ya yarda ya sha daga abin da Bayahude yake ƙyama. Bayan haka ne maganar ta yi zurfi, kuma bai sassauta gaskiya don a ji daɗi ba: ya taɓo zaman aurenta, ya ce mata ceto ta wurin Yahudawa yake zuwa, sannan ya ce lokaci na zuwa da ba a kan dutsen nan ko a Urushalima za a yi wa Uba sujada ba, sai dai a ruhu da gaskiya. Ita ce ta koma gari ta kira mutane, su kuma suka roƙe shi ya zauna, ya kwana biyu a wurinsu yana cin abincinsu. Haka ya umarci almajiran da ya aika biyu-biyu a Luka sura 10, cewa kada su ɗauki jakar kuɗi ko burgami, su sauka a gidan da aka karɓe su, su ci abin da aka kawo musu, inda aka ƙi su kuma su wuce. Da wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi saukar da shi, Yakubu da Yahaya suka nemi izinin kiran wuta daga sama, sai ya juya ya tsawata musu. Ya kuma yi wa malaman Attaura da Farisiyawa kashedi mai zafi a Matiyu sura 23, domin suna ratsa teku da tudu don su sami mutum guda ya shiga addininsu, daga baya su mai da shi ya fi su lalacewa. Wannan aya ta isa ta hana kowane mai bishara auna nasararsa da yawan kawunan da ya tara.

Sau biyu Bisharu suka nuna Yesu yana yabon bangaskiyar baƙi fiye da ta mutanensa. Jarumin sojan Roma na Kafarnahum ne ya sa ya ce bai taɓa samun irin wannan bangaskiya a Isra'ila ba, matar nan ta ƙasar Taya kuma, wadda ya amsa wa da magana mai nauyi game da abincin 'ya'ya da karnuka, ta mayar masa da amsar da ta sa ya ce saboda wannan magana 'yarta ta warke. A ranar gicciye, Saminu mutumin Kurane, a ƙasar Libiya ta yau, aka tilasta wa ɗaukar gungumen, sanarwar da Bilatus ya kafa a kansa kuma da harsuna uku aka rubuta ta, Ibrananci da Latinanci da Helenanci.

Batun harshe ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan Kiristanci ya ɗauki hanyar da ta bambanta da ta Musulunci, inda Alƙur'ani da salla suke da Larabci a ko'ina cikin duniya. Yesu ya yi koyarwarsa da Aramiya, amma dukan littattafai 27 na Sabon Alkawari da Helenanci aka rubuta su, sai 'yan kalmomi kaɗan da aka bari yadda ya furta su. Lamin Sanneh, masanin nan ɗan Gambiya wanda ya koyar a Jami'ar Gana da ke Legon kafin ya koma Harvard da Yale, ya gina bincikensa a kan wannan: tun daga tushe, Kiristanci addini ne da ake fassarawa, babu harshen da ya fi wani tsarki a cikinsa, kuma da zarar mutane sun sami Littafi Mai Tsarki da harshensu, ɗan mishan ya rasa ikon mallakar saƙon, domin yanzu suna iya karantawa su ce masa abin da yake yi bai dace da abin da aka rubuta ba.

Ikkilisiyar farko ba ta gane wannan da sauƙi ba. Sai da Bitrus ya ga wahayi sau uku kafin ya yarda ya shiga gidan Karniliyus, jarumin Roma, ya ci abinci da shi, kuma ko bayan haka ya ja da baya a Antakiya don tsoron masu ra'ayin kaciya, har Bulus ya tsaya masa ido da ido, kamar yadda ya faɗa a Galatiyawa sura 2. Tambayar da ta kai su taron Urushalima, wajen shekara ta 49, ita ce ko dole ne wanda ba Bayahude ba ya zama Bayahude kafin ya bi Almasihu. Hukuncin da aka yanke a Ayyukan Manzanni sura 15 shi ne kada a ɗora wa al'ummai wannan kaya, sai dai su guji abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da abin da aka maƙure, da fasikanci. Daga ranar nan Bahelene yana iya bin Yesu yana Bahelene. Andrew Walls, masanin tarihin mishan da ya yi aiki a Saliyo da Najeriya, ya ce bishara tana jan mai bi ta fuska biyu a lokaci guda: tana karɓarsa yadda yake har ya ji ikkilisiya gidansa ce, tana kuma mai da shi matafiyi wanda ba zai amince da duk abin da al'adarsa ta yarda da shi ba. Kuskuren da aka yi ta maimaitawa shi ne ɗan mishan ya yi wa al'adar wasu hukunci mai tsanani, tasa kuwa ya ɗauke ta kamar ita ce bisharar. Hukumar yaɗa bangaskiya ta Roma ta hango wannan tun 1659, sa'ad da ta gargaɗi waɗanda ta aika gabashin Asiya cewa bangaskiya za su kai, kada su kwashi Faransa ko Sifen ko Italiya su kai ƙasar Sin.

Tarihin ƙasarmu ya gwada duk wannan a aikace. Turawan Fotugal sun gina ganuwar Elmina a 1482 tare da limaman cocinsu, amma ɗaruruwan shekaru Kiristanci bai yi nisa da bangon ganuwoyin bakin teku ba, kuma a ƙarƙashin ɗakunan sujadar ne ake tsare bayin da za a loda a jirgi. 'Yan mishan na Basel, ta ƙasar Suwizalan, huɗu na farko sun sauka a Osu da ke Akra a watan Disamba na 1828, zazzaɓi ya kashe su duka cikin 'yan shekaru. Andreas Riis, wanda ya zo a 1832, ya rayu ne bayan ya karɓi maganin wani mai maganin gargajiya, ya koma kan tudun Akropong a 1835, amma sama da shekara goma da fara aikin ba a yi wa ko mutum ɗaya baftisma ba. Abin da ya sauya lamarin shi ne zuwan Kirista baƙaƙen fata fiye da 20 daga Jamaika a 1843, jikokin bayi, waɗanda suka zauna suka yi noma suka buɗe makaranta, mutanen Akuapem suka gani da idonsu cewa baƙar fata yana iya riƙe wannan littafi. Johannes Zimmermann ya auri Catherine Mulgrave, malamar makaranta haifaffiyar Afirka da ta zo tare da mutanen Jamaika, ba tare da jiran izinin shugabanninsa ba, ya kuma kammala fassarar Littafi Mai Tsarki da harshen Ga a 1866. Johann Christaller, tare da 'yan ƙasa irin su David Asante da Theophilus Opoku, ya kammala ta harshen Twi a 1871, ya tattara karin magana 3,600 na harshen a 1879, ya fitar da ƙamus a 1881. Mutumin da ya zauna ya rubuta karin maganar mutane dubu uku da ɗari shida ya yarda cewa akwai hikima a wurinsu kafin zuwansa. Hausa ma ta bi wannan hanya: James Schön, wanda ya bi ayarin kogin Kwara na 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya yi aikinsa da taimakon Dorugu, saurayin Bahaushen da ya bi matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth zuwa Turai, cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa kuma ya fito a 1932 bayan aikin Dokta Walter Miller da abokansa a ƙasar Zariya.

Waɗannan 'yan mishan na Basel dai su ne suka kafa tsarin Salem, unguwar Kirista da ake ginawa a gefen gari, inda sabon mai bi yake ƙaura ya bar gidan danginsa, ya daina halartar bukukuwan gari, ya fita daga ƙarƙashin wasu dokokin sarki. Niyyarsu ita ce su kare masu bi daga tsafi, kuma ba a musun cewa makarantu da sana'o'i masu kyau sun fito daga Salem. Amma idan aka auna tsarin da Markus sura 5, inda mutumin Garasa da aka warkar ya roƙi ya bi Yesu, shi kuwa ya ce masa ya koma gida wurin mutanensa ya faɗa musu abin da Ubangiji ya yi masa, za a ga inda aka kauce. A 1941 Nana Ofori Atta na ɗaya, sarkin Akyem Abuakwa, ya miƙa wa majalisar ikkilisiyar Presbyterian takardar koke a kan yadda wannan tsari yake raba talakawansa gida biyu. 'Yan shekaru kafin haka, Ephraim Amu, malami a kwalejin Akropong, ya rasa aikinsa domin ya hau mimbari da zanen gargajiya a kafaɗa maimakon kwat, yana kuma koyar da kiɗan ganguna, ya koma Achimota a 1934. Ikkilisiyar da ta ba mutane Littafi Mai Tsarki da harshensu ta kasa yarda su tsaya gaban Allah da tufafinsu.

A Kumasi lamarin ya fi haka nauyi, saboda bishara ta shigo ne a lokacin yaƙi. Thomas Birch Freeman na Methodist ya iso a 1839 a matsayin baƙo, ya yi makonni yana jira a Fomena kafin sarkin Asante Kwaku Dua na ɗaya ya ba shi izinin shiga. Fritz Ramseyer na Basel da matarsa sun zama fursunonin yaƙi a 1869, aka tsare su a birnin har 1874, suka koyi harshe da halin mutane ta hanyar da ba su zaɓa ba, amma da ya dawo ya kafa tasha a 1896, a bayan rundunar Ingila da ta kama sarkin Asante Prempeh na ɗaya ya shigo, kuma a yaƙin Yaa Asantewaa na 1900 a cikin ganuwar Turawa ya fake. (Gaskiya ta wajabta a faɗa cewa a cikin waɗannan rundunoni akwai sojoji Hausawa da yawa, don haka ba wanda ya fita daga wannan tarihi da hannu fari tas.) Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya zauna a Salaga sannan ya koma Kete Karachi bayan yaƙin basasar 1892, ya rubuta waƙoƙi a kan zuwan Nasara da yadda suka rushe sarautu ɗaya bayan ɗaya. Duk mai bisharar da ya shiga zango yau, ya sani ko bai sani ba, wannan tunanin yana gabansa. Abin lura kuma shi ne, lokacin da Tonawa suka shiga ikkilisiya dubbai, a farkon shekarun 1920, ta bakin Samson Oppong ne, ɗan ƙasa wanda bai yi makaranta ba, ya taɓa zaman kurkuku, yana yawo da gicciyen itace yana kira a ƙona kayan tsafi.

Daga baya 'yan ƙasa suka ɗauki gyaran da kansu. Peter Kwasi Sarpong, wanda ya zama bishop na Katolika a Kumasi a 1970 bayan ya karanci ilimin al'adun ɗan Adam a Oxford, ya shigar da ganguna da rawa da alamun sarautar Asante cikin sujada, duk da sukar da ya sha. Kwame Bediako, wanda ya kafa cibiyar Akrofi-Christaller a Akropong, ya yi tambayar da ta dami kowane Batone mai bi, wato mene ne matsayin kakanni idan Yesu ya zo, ya kuma amsa daga Wasiƙa ga Ibraniyawa cewa Almasihu ya cika aikin tsakanci da ake nema a wurinsu, ya kuma wuce shi. Bediako ya ɗauki addu'o'in Afua Kuma, manomiya kuma ungozoma daga Kwahu wadda ba ta yi karatu ba, a matsayin tauhidi na gaske, domin ta yabi Yesu da kirarin da ake yi wa sarakuna da mafarauta da jarumawan yaƙi.

Mutanen zango sun san ladubban baƙunci tun kafin zuwan 'yan mishan. Fataken goro da suke bin hanyar Gwanja suna sauka ne a hannun mai gida, shi yake ba su masauki, shi yake tsaya musu a ciniki, kuma Bature Bowdich da ya zo Kumasi a 1817 ya tarar da malamai Musulmi a fadar Osei Bonsu suna da daraja. Don haka idan Kirista ya shigo Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango da lasifika da asuba, bai gai da sarkin zango ba, bai san sunan limamin unguwa ba, yana ɗaga murya yana aibata abin da mutane suke riƙe da shi da tsarki, su a wurinsu rashin tarbiyya suka gani kafin su ji ko kalma ɗaya ta saƙonsa. Bitrus ya rubuta cewa mai bi ya kasance a shirye ya ba da amsa ga duk wanda ya tambaye shi dalilin begensa, amma da tawali'u da ladabi, wannan kuwa yana nufin an zauna tare har an kai ga tambaya. Rikicin da aka yi a Akra a ƙarshen shekarun 1990, tsakanin wasu majami'u da sarakunan gargajiya na Ga a kan dokar hana kiɗa da hayaniya kafin bikin Homowo, ya nuna cewa matsalar ba ta tsaya tsakanin Kirista da Musulmi ba. A ɗaya gefen kuma, a watan Afrilu na 2019 Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, yana cika shekara 100, ya ziyarci cocin Katolika na Christ the King a Akra ranar Ista. Bai bar addininsa ba, ba a kuma nemi ya bari ba. Ya je ne a matsayin maƙwabci, kuma ya kamata mu Kirista mu tambayi kanmu sau nawa muka rama irin wannan ziyara a suna ko jana'iza ko barka da salla.

Wuri mafi haɗari shi ne inda taimako yake haɗuwa da wa'azi. 'Yan matan arewa da suke dakon kaya a kasuwar Kejetia ta Kumasi, da yaron zango da ya sami gurbi a makarantar mishan, da majinyacin da ba shi da kuɗin magani, duk suna cikin halin da ba sa iya cewa a'a da sauƙi. Yesu ya warkar da kutare goma, ɗaya kaɗai ya dawo ya yi godiya, shi ma Basamariye ne, kuma ba a karɓe lafiyar sauran taran ba. Taimakon da aka ɗaura wa sharaɗin baftisma ciniki ne, kuma muhawarar da aka yi a faɗin ƙasa a 2021, a kan hana wata ɗaliba Musulma yin azumi a wata makarantar mishan, ta nuna yadda abu irin wannan yake saurin ɓata amanar da aka daɗe ana ginawa. Idan kuwa mutum ya gaskata da zuciya ɗaya, kamar yadda tsarin mulkin 1992 ya ba kowa 'yancin yi, nauyin da ke kan ikkilisiya shi ne ta taimake shi ya ci gaba da girmama iyayensa, ya riƙe sunansa da harshensa da zumuncinsa iyakar iyawarsa. Yesu ya faɗa a fili cewa binsa yana iya raba gida, amma shi ne kuma ya tsawata wa waɗanda suka fake da addini suka ƙi kula da iyayensu, a Markus sura 7.

Yanzu Gana ce take aika 'yan mishan. Cocin Pentecost, wanda ya tsiro daga aikin James McKeown da ya zo a 1937, ya kuma ɗauki sunansa na yanzu a 1962, yana da rassa a ƙasashe fiye da 100, kuma daga Akra ake tafiyar da shi. Amma a Landan da Hamburg da Toronto yawancin masu cika irin waɗannan majami'u 'yan Gana ne, da Twi ake waƙa, maƙwabcin da ya leƙo kuma yakan ji kamar sai ya zama Batone kafin ya sami wurin zama, wato tambayar taron Urushalima ce ta dawo, mu ne kuma a matsayin masu ra'ayin kaciya. Haka yake a cikin gida idan aka tura fasto daga kudu zuwa Bawku ko Yendi ya shekara da shekaru yana wa'azi ta bakin tafinta. Ikkilisiyar Presbyterian ta yi ƙoƙarin gyara wannan da shirinta na kai bishara ga 'yan arewa mazauna biranen kudu, inda Farafara da Kasena da Bulsa suke sujada da harsunansu ƙarƙashin jagorancin mutanensu. Sai dai 'ya'yan waɗannan iyalai, da aka haifa a Kumasi da Akra, da yawansu sun fi jin Twi da Hausar zango da Turanci fiye da harshen kakanninsu, kuma dattawan waɗannan majami'u suna fuskantar shawarar harshen da za a yi wa yaran sujada da shi.